Yadda Ake Auna Kamfanonin Lauyoyin Waje a Japan

Kundayen Chambers da Legal 500, waɗanda ake wallafawa daga Landan, suna jera kamfanonin lauyoyi aji-aji a kowane fanni na kasuwanci, kamar sayen kamfanoni, hada-hadar bankuna da sasanta rikici ba tare da kotu ba. Kowane kamfani yana miƙa jerin ayyukan da ya kammala da sunayen waɗanda ya yi wa aiki, sannan masu bincike su tuntuɓi mutanen a asirce.

A Japan, Chambers kan ware kamfanonin gida, irin su Nishimura & Asahi, daga na waje, domin dokar 1986 ta taƙaita lauyan waje mai rajista, wato gaiben, ga ba da shawara kan dokar ƙasar da ta ba shi lasisi, kuma sai a 2005 aka yarje wa kamfanonin waje ɗaukar lauyoyin Japan aiki. Saboda haka ƙarfin baƙin ya fi bayyana a cinikin ƙetare, kamar yadda kamfanin lauyoyi na waje Morrison Foerster ya tsaya wa kamfanin SoftBank na Japan wajen sayen kamfanin Arm na ƙetare a 2016. Abin damuwa shi ne, ƙwararren da bai miƙa takardunsa ba yana iya ɓacewa daga jerin.