Ƙarar bawul da jiƙewar fulogi a tsofaffin motoci

Masu tsofaffin motoci irin su Peugeot 504, wadda aka fara ƙerawa a Faransa a 1968, daga bisani kuma aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, kan yi fama da ƙarar bawul da kuma jiƙewar fulogi da baƙin mai.

Sau da yawa akan yi gaggawar sauke inji, alhali matsalar ba ta kai ga haka ba.

Ƙarar kas-kas daga saman inji galibi na nuna cewa tazarar da ke tsakanin bawul da ƙarfen da ke danna shi ta yi faɗi. Ana daidaita ta ne idan inji ya huce, amma in aka matse fiye da kima, bawul na iya ƙonewa.

Fulogi kuwa, idan baƙinsa busasshe ne, to fetur ne ya yi yawa. Idan yana da maiƙo, baƙin mai ne ke shiga silinda.

Shuɗin hayaƙi lokacin tayar da mota da safe kan nuna lalacewar robar bawul, yayin da hayaƙi lokacin taka totur ke nuna cinyewar ringi.

Don tantancewa, makanikai kan auna matsin iskar silinda, su zuba ɗan mai a ciki, su sake aunawa. Idan matsin ya ƙaru sosai, laifin na ringi ne, kuma a nan ne buɗe inji ya zama tilas.

Sauya fulogi kaɗai ba ya magance matsalar, domin sabon ma zai jiƙe.