Hanyar Keke a Bakin Tafkin Kainji: Bayani ga Hakiman Ƙasar Yawuri da Malamansu

An rubuta wannan 'yar takarda domin hakimai da dagatai na ƙasar Yawuri, watau Yawuri da Ngaski da Shanga, da kuma malaman da ke riƙe musu littattafai. Abin da ake nufi shi ne a bayyana yadda za a iya keɓe hanyar keke a bakin ruwa wadda mota ba ta bi, da abin da ya kamata a lura da shi kafin a kira baƙo a ce masa ga hanya.

Dalilin maganar

Kowa ya san babbar hanyar mota da ta taso daga Kwantagora ta bi ta Yelwa ta nufi Koko da Jega. Manyan motocin kaya da tankokin mai ba su yankewa a kanta dare da rana. Mai keke a kan wannan hanya ransa yana hannun Allah, gama direban da ya ɗauko lodi ba ya iya tsayawa nan take ko da ya so. Ga shi kuwa har yanzu keke shi ne abin hawan ɗan makaranta, da manomi mai zuwa fadama, da mai kai kifi kasuwa.

A waɗansu ƙasashe an daɗe da raba keke da mota. Mutanen Holan, waɗanda wani ɓangare na ƙasarsu fadama ce da aka ƙwace daga teku, suna da hanyoyin keke fiye da kilomita 30,000, da yawa a kan ganuwar da suka gina don tare ruwa. A shekarar 2001 kuma aka buɗe wata hanya mai kimanin kilomita 6,000 da ta kewaye Tekun Arewa ta bakin gaɓar ƙasashe da dama. Mutane kan hau keke su bi ta don buɗe ido kawai, suna kwana a ƙauyuka suna sayen abinci, masu ƙauyen kuwa suna samun na kashewa. Mu ba mu da teku, amma muna da bakin ruwa mai tsawo, da fadamu, da tsofaffin turobin ƙafa da suka haɗa tunga da tunga. Ba sabuwar hanya ake bukata a gina ba. Waɗanda ke akwai za a zaɓa, a gyara, a tsare.

Halin ruwan nan

To, a nan ne babbar maganar take, kuma wanda bai fahimce ta ba zai yi aikin banza.

An fara ginin madatsar ruwa ta Kainji a 1964, aka gama a 1968. Ruwan Kwara ya taru a bayanta ya zama tafki mai tsawon kimanin kilomita 135, ya cinye tsohuwar Busa da yawancin tsibirin Foge da gungu-gungu masu yawa, har aka tashi mutum fiye da 40,000 aka sake musu matsuguni. Gungawa da Kambari da Lopawa da Shangawa duk abin ya shafe su. Tun daga lokacin bakin ruwa bai ƙara zama wuri ɗaya ba.

Kwara tana kawo ruwa sau biyu a shekara. Na farko shi ne farin ruwa, watau ruwan daminar ƙasashen da ke kusa, mai ɗauke da laka, wanda kan zo daga Agusta zuwa Oktoba. Na biyu shi ne baƙin ruwa. Wannan ruwan sama ne da ya sauka can a duwatsun Gini, ya bi ta fadamun ƙasar Mali yana tafiya a hankali, lakarsa ta kwanta a hanya, bai iso mana ba sai wajen Disamba zuwa Fabrairu. Saboda haka tafkin yana cike a tsakiyar hunturu, lokacin da rafukan sauran ƙasar Hausa suka ƙafe. Daga nan sai ya riƙa ja da baya, domin ana sakinsa a madatsa don samar da wutar lantarki, har ya kai ƙarshen raguwarsa wajen Yuli ko Agusta. Tsakanin cikarsa da raguwarsa akan sami kimanin mita 10 a tsaye, kuma inda ƙasa ta kwanta shimfiɗe wannan yana nufin fili mai faɗin gaske, yau ruwa, gobe gonar albasa ko shinkafa.

Wanda ya zo daga Sakkwato ko Katsina zai ɗauka rani shi ne lokacin bin fadama. A nan ba haka ba ne. Turbar da aka bi a watan Mayu, a Janairu jirgin ruwa ne ke bi ta kanta. Don haka lalle kowace gunduma ta san tana da hanya biyu. Akwai ta tudu, wadda take bayan iyakar cikar ruwa, ita ce ta dindindin, kuma ita kaɗai ta cancanci a kashe mata kuɗi ko a yi mata gayya. Akwai kuma ta janyewar ruwa, wadda takan buɗe cikin bazara, ruwa ya ja, damina ba ta kankama ba. Wannan ta fi kyan gani nesa ba kusa ba, gama nan ake samun dinya da kirinjijiya da zalɓe, da shanun Fulani suna kiwon burgu, amma kwanakinta kaɗan ne, zafi kuma yana da yawa. Da ruwan sama ya sauka sosai laka takan cika tsakanin taya da ƙarfen keke, har mai keke ya koma shi ne ke ɗauke da kekensa.

Iyakar cikar ruwa ba ta bukatar injiniya. Tsofaffin masunta sun san ta, kuma tana nan rubuce a jikin itatuwa da duwatsu.

Zaɓen hanya da gyaranta

Kada a ɗora hanyar keke a kan burtali, kada kuma ta tare mashaya. Inda ya zama tilas su gitta juna, a bar wa shanu faɗinsu yadda yake. Hakimai sun fi kowa sanin irin shari'ar da kan biyo bayan toshe burtali, ba sai an tsawaita ba. Haka kuma kada a ratsa gonar mutum ba da yardarsa ba, musamman gonakin janyewar ruwa, waɗanda iyakokinsu ba su bayyana ga baƙo.

Faɗin da keke biyu za su wuce juna ya isa. A sare ƙaidaji da ya rufe turba, a share tsidau, don shi ne babban abokin gaban taya. Inda rairayi ya yi zurfi a zuba marmara a daddaɓe. Ƙoramu ƙanana a yi musu kadarko na itace mai ƙarfi. A bakin hanya a kafa turaku a bar rata da mota ba ta iya shiga. Babur kam, gaskiya ita ce turaku ba su hana shi, kuma ba daidai ba ne a hana mutanen tunga abin da suke kai mara lafiya asibiti da shi. Abin da za a iya shi ne dagaci ya ja kunnen samari game da gudu.

Yana da kyau hanya ta bi ta inda akwai abin gani. Birnin Yawuri, tsohon mazaunin sarauta kafin a koma Yelwa a 1888, yana da sauran ganuwarsa. A ƙasar nan ne Turawan nan biyu 'yan'uwa, su Landa, suka sauka a 1830 suna neman takardun Mungo Park, wanda ya halaka a Busa a 1806. Kasuwar kifi ta Yelwa, inda ake tara warangi da giwan ruwa, ita ma abin kallo ce, haka bikin Rigata na tseren jiragen ruwa.

Tsaron rai

Baƙo ba ya sanin dorina. A gaya masa kada ya bi bakin ruwa da asuba ko bayan magariba, lokacin da take fitowa kiwo. A hana shi wanka a ruwan da ke kwance, saboda tsargiya.

Inda hanya ta kai ga fito, kamar na Zamare zuwa Rofiya, kada a sa baƙo cikin jirgin da aka yi wa lodi fiye da kima, kada kuma a ƙetare da dare. Kututturan itatuwan da tafki ya cinye suna nan ƙarƙashin ruwa. Ba a manta da jirgin da ya nutse kusa da Wara ba a watan Mayu na 2021, inda rayuka masu yawa suka salwanta. A watan Yuni na 2021 kuma 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai a kwalejin tarayya ta Birnin Yawuri. Saboda haka hakimin da ya ga ƙasarsa ba ta natsu ba, ya ce a dakata, ko da an riga an gyara hanya. Baƙon da ya zo ya fara gaida hakimi, a haɗa shi da ɗan rakiya daga dagaci zuwa dagaci kamar yadda aka saba tun dā.

Aikin malamin hakimi

Malami ya buɗe shafi a littafinsa don wannan. Ya rubuta sunayen tungayen da hanya ta bi a jere, da tsawon lokacin da keke kan ɗauka tsakanin kowace biyu, da inda ake samun rijiya ko famfo, da inda mai faci yake, da ranar kasuwar kowane gari. Sa'an nan kowace shekara ya sa ranar da ruwa ya saki hanyar ƙasa da ranar da ya sake rufe ta. In aka yi shekara uku ko huɗu ana rubutawa, hakimi zai iya gaya wa mai tambaya watan da zai zo da turbar da zai bi ba tare da ya aika kowa ya dubo ba.