Wa Ya Shuka Itatuwa Miliyan 200?

A shekarar 1975 jiragen sama sun ɗauki hotunan ƙauyukan kudancin Nijar. Bayan kusan shekara talatin, Gray Tappan, masanin taswira a hukumar binciken ƙasa ta Amurka, ya jera tsofaffin hotunan kusa da sababbi don ya auna iya inda hamada ta ci. Kowa ya san amsar da ake jira. Fari ya yi ɓarna daga 1968 zuwa 1974, ya komo a 1984, jama'a ta ninka, kuma kowane murhu itace yake ci. Sai hotunan suka ƙaryata kowa. A Galma, kusa da Madawa, gonakin da suke fayau a 1975 sun cika da ɗigo-ɗigon baƙi a 2003, kowane ɗigo itace ne tsaye. Da Tappan da Chris Reij ɗan ƙasar Holan da Mahamane Larwanou ɗan Nijar suka bi ƙasa suka duba, ƙiyasinsu ya kai hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram. Babu ma'aikatar da ke da takardar dasa su. Ruwa ba ya tsami banza, to wa ya yi wannan aiki?

Wanda aka fara zargi shi ne ruwan sama, don damina ta ɗan gyaru tun daga shekarun 1990. Amma hotunan kan iyaka sun kwance wannan zargi. Hadari ɗaya ke zuba a kudancin Damagaram da arewacin Najeriya, ƙasar iri ɗaya, mutanen galibi Hausawa ne, sai ga gefen Nijar ya fi duhun itace. Ga kuma wani abin mamaki: dajin kan tuddai, irin wanda ke tsakanin Doso da Yamai, raguwa ya ci gaba da yi, gonaki ne suka cika. Da aikin ruwa ne kaɗai, daji ne zai fara murmurewa, tunda ba a kai masa garma.

Na biyu shi ne dashe. Tun 1975 Nijar ke bikin dashen itace ran 3 ga Agusta. A kwarin Majiya an jera dogon yaro don tare iska, a Keita kuma an yi gagarumin aiki daga 1984. Sai dai dashe yana da alama: layi yake bi, kuma yawancinsa dogon yaro ne da turare. Itatuwan da aka gani a warwatse suke cikin hatsi, kuma ƴan gida ne, gawo da sabara da kalgo da aduwa da magarya. Ba daga gandun renon itace suka fito ba.

Na uku shi ne ƙaura. A ƙasashe da yawa ta nan daji ya komo. Dajin Faransa ya kusa ninkawa tun ƙarni na 19, saboda manoma sun bar gonakin kan duwatsu sun nufi masana'antu, gawayin ƙasa kuma ya maye gurbin itacen wuta. Kosta Rika, wadda dajinta ya ragu zuwa wajen kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar a shekarun 1980, yau ya haura rabi, bayan kiwon shanu ya rage riba kuma gwamnati ta fara biyan masu filaye don su bar itace. Wani masani ɗan Birtaniya, Alexander Mather, ya bayyana wannan juyi a 1992. Amma a Nijar manoma ba su bar gonakinsu ba. Ƙidayar 1977 ta sami mutum miliyan 5, ta 2012 miliyan 17. Kuma inda mutane suka fi cunkoso, wato Magarya da Matamai da Mirya, can ne gawo ya fi yawa. Ke nan masu gonakin ne da kansu, saura a gane yadda suka yi ba tare da dashe ba.

Amsar tana ƙarƙashin ƙasa. A 1983 Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya da ke aikin gona da mishan ɗin SIM a Maraɗi, ya gaji da dasa itatuwan da galibinsu ke mutuwa kafin shekara. Wata rana ya tsaya rage iskar tayoyin motarsa saboda rairayi, sai ya lura da ɗan tsiron da ke bakin hanya. Da ya duba ganyen, ya gane ba ciyawa ba ce, tohon kututturen itace ne da aka sare tuntuni, saiwarsa na nan da rai, ta riga ta kai ga danshi. Irin wannan kututture ya cika gonaki. Kowace bazara manomi ya sassabe tohon ya ƙone, kowace damina ya sake fitowa. Maganin bai wuce lauje ko wuƙa ba: a zaɓi toho biyu ko uku masu ƙarfi, a share sauran, a rage rassan ƙasa, a kare su daga awaki. Shi ne ake kira sassaben zamani. A yunwar 1984, wadda mutane suka laƙaba wa El Buhari, an ba manoman ƙauyukan Maraɗi abinci a kan su bar itace a gonakinsu. Da yunwa ta wuce da yawa sun sare nasu, amma waɗanda suka bari sun ga iska ta daina binne shuka, ga makamashi a kusa. Maƙwabci ya gani ya kwaikwaya.

A nan wata tambayar ta taso. Manomin Hausa bai jira baƙo ya gaya masa kututture yana toho ba. Me ya sa yake sare shi shekara da shekaru?

Tarihin Arewa, wato yankin Dogon Dutsi, ya nuna cewa a da ba haka abin yake ba. Ran 16 ga Afrilu 1899, da ayarin sojojin Faransa na Voulet da Chanoine ya auka wa Lugu, mutanen Sarauniyar garin sun gwabza, sannan suka ja cikin kurmin da ke kusa da garin, wanda kaurinsa ya sa shigarsa ta yi wa maharan wuya. A al'adar Azna, masu bin addinin gargajiya, akwai kurmi da itatuwan da ba a sa musu gatari, domin suna da masu su. A Damagaram ana ba da labarin tsananin hukuncin da Sarki Tanimu ya ɗora wa mai saran gawo. Manoman Dallol Mauri kuwa, daga Matankari zuwa Dogon Dutsi da Tibiri, sun daɗe da sanin darajar gawo: yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya yi wa hatsi inuwa, ganyen taki ne, ƴaƴansa abincin dabbobi ne da rani, kuma gero ya fi kyau a gindinsa.

Dokar daji ta Faransa ta 1935 ce ta sauya lissafi. Ta sa itatuwa masu daraja a hannun hukuma, dokar 1974 kuma ta bi sawunta. Manomi ya datse reshen gawon gonarsa, jami'in gandun daji ya ci shi tara. Itace ya zama abin jawo fitina, sai mai hankali ya kashe shi tun yana toho. Ga malaman gona kuma suna koyar da cewa gonar kirki ita ce wadda aka share tas.

Wannan ƙulli ya fara kwancewa ne a tsakiyar shekarun 1980, da aka sassauta tarar a yankin Maraɗi. Bayan rasuwar shugaban ƙasa Seyni Kountché a 1987 da taron ƙasa na 1991, hannun hukuma ya yi sako-sako a karkara, manoma suka fara ɗaukar itacen gonarsu a matsayin nasu. Dokar karkara ta 1993 da dokar daji ta 2004 suka ƙarfafa musu gwiwa, a 2020 kuma aka fitar da doka ta musamman da ta amince manomi ne ke cin amfanin itacen da ya rena. Faɗuwar darajar sefa a 1994 ta tsadar da takin zamani, gawo ya zama takin talaka. Masu binciken sun ƙiyasta ƙarin hatsi kusan tan dubu 500 a shekara.

Ashe ba wanda ya shuka itatuwan nan. Saiwa ta daɗe a ƙasa, mai gida ta rasa, kuma da manomi ya tabbata itacen nasa ne sai ya janye gatarinsa. Wannan ne ma ya bayyana abin da ya sa dajin tudu ke ci gaba da ƙarewa: na kowa ne, ba mai tsaronsa. Tun 1992 doka ta ba ƙauyuka damar kafa kasuwannin itace su kula da dajinsu, amma motocin da ke kai itace birane ba su ragu ba. A Arewa aikin da ya rage biyu ne: a bar ƴan gawo su taso ƙarƙashin tsofaffi kafin tsofaffin su faɗi, kuma manomi da makiyayi da mai saran itace su zauna gaban hakimi su raba hakki a kan tudu kamar yadda aka raba shi a gona.