Tulun Gas a Gefen Akwatin Kifi: Abin da Agogon Ba Ya Faɗa

Duk ranar da mai kiwon kifin ado ya wayi gari ya tarar da kifayensa sun taso saman ruwa ciki a sama, in dai akwai tulun gas a gefen akwatin, an riga an san wanda za a ɗora wa laifi. Wani ya ce ai iskar nan ita ce ta hayaƙin janareta, wa ya aike ka zuba wa kifi guba? Wani ya ce ajiye tulun a falo da ajiye bam duk ɗaya ne.

Maganar janareta dai ba haka take ba. Wadda ke kashe mutane a ɗaki suna barci sunanta kabon monoksaid. Wadda ake ba tsirran ruwa kuwa kabon dayoksaid ce, wato CO2, wadda muke fitarwa in mun yi numfashi, kuma ita ke sa lemon kwalba ya yi kumfa. Ba wai ba ta da haɗari ba. Ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, tana kwantawa ƙasa, kuma ita ce ta ɓalle daga Tafkin Nyos na Kamaru a watan Agustan 1986 ta hallaka mutum sama da 1,700. Don haka ba a ajiye tulunta a ɗakin kwana da aka toshe ko'ina. Amma a akwatin kifi, abin da ya fi jawo asara shi ne na'urar da ke tsakanin tulun da ruwan, da kuma mai karanta ta.

Dalilin wannan ɗawainiya a fili yake. Ruwan da aka bari a buɗe ba ya riƙe ko miligiram ɗaya na CO2 a kowace lita, ga shi iskar tana ratsa ruwa a hankali ƙwarai, kusan sau dubu goma ƙasa da yadda take ratsa sarari. Tsiron da aka haska wa fitila mai ƙarfi ba tare da kabon ba, da yunwa yake zaune, sai gansakuka ta mamaye shi. Takashi Amano, ɗan Japan ɗin da ya kafa kamfanin Aqua Design Amano a 1982, shi ya yayata wa duniya shuka daji a cikin gilashi, kuma da ruwan soda ya fara gwadawa kafin a kai ga tulu. Aikinsa mafi girma, mai tsawon mita 40, an buɗe shi a Lisbon a 2015, shekarar da ya rasu. Ma'aunin da masu wannan sana'a suka fi bi shi ne miligiram 30 na CO2 a lita.

Haɗin kayan ba shi da wuyar ganewa. Daga bakin tulu sai regileta, wadda ke karya matsin daga bar 55 zuwa 60 ta mai da shi bar biyu ko uku. Sai solinoyid, bawul ɗin da wutar lantarki ke buɗewa. Sai bawul mai allura, wanda da shi ake daidaita fitar iskar kaɗan kaɗan, sai 'yar kwalbar ƙirga kumfa, sai bawul mai hana ruwa komawa baya, sannan tiyo ya kai ta ga ɗan faifan tangaran da ke niƙa ta ta zama ƙananan kumfa. Wanda zai yi tsimi, ya yi a ko'ina ban da regileta da bawul mai allura.

Regileta tana da agogo biyu. Ɗaya na nuna matsin da ke fita, ɗaya na nuna matsin cikin tulu. Wannan na biyun ne ke yaudarar mutane, domin suna ɗaukarsa kamar mai nuna yawan abin da ya rage. Abin da ke cikin tulun ruwa ne, iskar da aka matse har ta narke, da 'yar iska a samansa. Duk abin da ka ɗiba daga sama, ruwan zai tafasa ya cike gurbin. Saboda haka allurar tana tsaye wuri guda ko tulun cike yake, ko rabi, ko cokali biyu ya rage a gindinsa. Zafin ɗaki ne kawai ke motsa ta. Uwargida ta daɗe da sanin wannan: tulun gas na girki ɗaga shi ake yi a ji nauyinsa, kuma a sikeli ake sayar da shi. Haka na CO2 yake. Nauyin tulun ba komai a ciki yana buge a kafaɗarsa, ka ɗora a sikeli ka cire lissafi. Ranar da ka ga allurar ta fara sauka, ruwan ya ƙare ke nan, hucinsa kawai ya rage.

A nan ne regileta mai hawa ɗaya, wadda ta fi araha kuma ta fi yawa a kasuwa, ke cin amana. A cikinta akwai sifirin da ke tura ƙofa ta buɗe, matsin tulun kuma yana taimakawa wajen danne ta. Idan matsin tulun ya raunana, sifirin sai ya yi rinjaye, ƙofar ta ƙara buɗewa. Ma'ana, yayin da tulun ke ƙarewa, matsin da ke fita ƙaruwa yake yi, ba raguwa ba. Kumfar da ka daidaita tana fita ɗaya ko biyu a daƙiƙa sai ta koma tururuwa, kai kuma kana kasuwa ko kana barci. Regileta mai hawa biyu tana karya matsin sau biyu ne, hawa na farko ya shanye canjin, na biyu ya ci gaba da aikinsa kamar ba abin da ya faru. A kula, agogo biyu ba shi ne hawa biyu ba. Dillalai da yawa suna cakuɗa su, wasu da gangan. Wanda ba shi da halin mai hawa biyu, ya kai tulunsa ciko da zarar allura ta motsa, kada ya ce bari ya ci kuɗinsa har ƙarshe.

Ana kuma cewa CO2 tana korar iskar oksijin daga ruwa. Ba ta korar ta, kowacce da ma'auninta, har ma akwatin da tsirransa ke ƙoshi yakan cika da oksijin da rana. Abin da ke faruwa shi ne, in ta yi yawa a ruwa, kifi ba ya iya fitar da tasa daga jininsa, jinin kuma ya kasa ɗaukar oksijin ko da ga shi nan a gabansa. Shi ya sa za ka ga yana haki a saman ruwa. Akwai 'yar kwalbar gwaji da ake maƙalawa a ciki: shuɗi bai kai ba, kore daidai, rawaya an wuce gona da iri. Sai dai launinta yakan makara da awa ɗaya ko biyu, kifin ya fi ta saurin ba da labari.

Da dare tsiro ba ya cin CO2, fitar da ita ma yake yi, don haka ake sa solinoyid a kan taima, ya buɗe awa ɗaya ko biyu kafin a kunna fitila, ya rufe kafin a kashe. A wurinmu amfaninsa ya wuce nan. In aka ɗauke wuta, fitila ta mutu, injin tace ruwa ya tsaya, saman ruwa ya daina motsi, amma tulu ba ruwansa da wuta, zai ci gaba da hurawa. Solinoyid da kansa yake rufewa in ba wuta. Mai inbata ko sola kuma kada ya haɗa solinoyid a layin da ba ya mutuwa alhali injin tace ruwa yana layin gari.

Sai zafi. In ya haura digiri 31, CO2 ba ta zama ruwa komai matsi, kuma a cikakken tulu matsin yana hawa da sauri. A Kano ko Sakkwato ko Damagaram watan Afrilu ya fi haka a inuwa ma. Tulu mai lafiya an ƙera shi ya jure, yana kuma da ɗan faifan tsaro da ke fashewa ya saki iskar kafin ƙarfen ya tsage. Amma hakan sai in ba a cika shi ya wuce kima ba, kuma ba a bar shi a but ɗin mota da rana tsaka ba. A Amurka ana gwada irin waɗannan tuluna da matsin ruwa duk shekara biyar a buga kwanan wata a jiki. Mu nan tsoffin tulunan walda da na kashe gobara suna yawo hannu zuwa hannu, da wuya ka ga mai ciko ya duba tambarin, waɗanda aka ɗora wa alhakin dubawa kuwa sai bayan abu ya faru ake jin ɗuriyarsu.

Mai odar regileta daga waje ya fara duba bakin tulunsa, domin zaren Amurka, CGA320, ba ya hawa na Turai, W21.8. In bai shiga da hannu ba, kada a sa sifana a tilasta. Washa ce ke toshe wannan mahaɗa, ba farin tef na masu aikin famfo ba. A tsayar da tulun a ɗaure shi da bango, a buɗe shi a hankali, a shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa a ga inda zai yi kumfa. A ranar farko a fara da kumfa ɗaya a daƙiƙa biyu, kuma a zaɓi ranar da mutum zai wuni a gida yana kallon kifayensa.