Riƙon Ƙaramin Kare A Gidajen Bene Na Birnin Landan

A ƙasar Hausa kare yana da aikinsa sananne: ko dai ya bi maharbi daji, ko ya tsare ƙofar gida da dare. A birnin Landan na ƙasar Ingila kuwa, inda mutane da yawa ke zaune a gidajen bene, iyali bisa iyali, ba tsakar gida ba zaure, ana riƙon kare ne domin ya ɗebe wa mai shi kewa. Da yake wuri ya yi ƙaranci, akasarin masu wannan sha'awa ƙaramin kare suke nema, suna zaton ƙanƙantarsa za ta sa riƙonsa ya yi sauƙi. Wannan zato shi ne ya kan jefa kare da ubangidansa cikin wahala.

Ɗaya daga cikin wuraren da ake zuwa ɗaukar kare shi ne gidan dabbobi na Battersea. Wata mata mai suna Mary Tealby ce ta kafa shi a shekarar 1860 a unguwar Holloway, domin karnukan da suka ɓata ko aka yasar a titi. A 1871 aka mayar da shi Battersea, kudu da kogin Thames, daga 1883 kuma ya fara karɓar kyanwoyi. Wanda ya je neman kare a can ba zaɓa kawai zai yi ya tafi ba. Sai ma'aikata sun tambaye shi irin gidan da yake zaune, da awoyin da ya kan yi a wurin aiki, da ko akwai yara ƙanana a gidan, kana su duba wane kare ne halinsa ya dace da zamansa.

Dalilin wannan bincike shi ne, halin kare ya danganta da aikin da aka yi kiwon kakanninsa dominsa. Irin da ake kira Jack Russell, alal misali, bai fi a ɗauke shi da hannu ɗaya ba, amma tun ƙarni na 19 an raine shi ne don ya fatattaki dila daga rami. Idan aka kulle shi a ɗaki yini guda, sai haushi da tone-tone da yayyaga kujeru, maƙwabtan sama da na ƙasa su rasa barci. Shi kuwa karen tsere mai suna Greyhound, dogo ne, ya kan yi gudun kusan kilomita 70 cikin awa guda, amma da zarar an fita da shi ya miƙe ƙafa, sauran yinin a kwance yake ƙare shi.

Akwai kuma batun lafiya. Buldog na Faransa, wani ɗan gajere mai shafaffen hanci, ya samu farin jini ƙwarai wajen mazauna birane, har a 2018 ya zarce Labrador yawan rajista a Birtaniya, a 2022 kuma ya yi haka a Amurka. Sai dai gajartar hancin nan tana ƙuntata masa hanyar numfashi. Zafi kaɗan ko hawan matakala sai ya kama haki, wasunsu ma sai likitan dabbobi ya yi musu aiki kafin su sami sa'ida, kuɗin aikin kuwa ba kaɗan ba ne.

Hukuma ma ba ta zuba ido ba. Dokar kula da dabbobi ta 2006 ta ɗora wa mai dabba alhakin ci da sha da makwanci da lafiyarta. Daga watan Afrilu na 2016 ya zama tilas a sanya wa kowane kare wata 'yar na'ura mai girman ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata, wadda ke ɗauke da lambar da za a gane mai shi, wanda ya ƙi kuwa ana iya cinsa tarar da ta kai fam 500. A 2020 aka hana dillalai a Ingila sayar da kwikwiyon da bai kai wata 6 ba; sai dai a je wurin mai kiwo ko gidan dabbobi. Ƙungiyar RSPCA, mai yaƙi da cutar da dabbobi, ta kan ba da shawarar kada a bar kare shi kaɗai fiye da awa 4.

Saboda haka, mai niyyar ɗaukar kare a gidan bene yana da abubuwan da ya kamata ya auna tun da wuri. Sai ya nemi yardar mai gidan haya a rubuce. Ya sani cewa kullum, safe da yamma, da ruwa da sanyi, zai sauko da karen ya zaga, ya kuma kwashe kashinsa daga titi. Ya tanadi kuɗin abinci da na allurar rigakafi. Ƙaramin kare ya kan rayu shekara 12 zuwa 15, cikin wannan lokaci kuwa mutum na iya sake aiki, ya yi aure, ko ya tashi daga gida. Hausawa sun ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zub da ruwa. Wanda ya ɗauka bai yi wannan lissafi ba, ƙarshenta shi ne zai mayar da karen inda ya ɗauko shi, dabbar da ta riga ta saba da shi ta koma keji tana jiran wani.