WAKILIN NA'URA DA MAI AIKENSA: YADDA AKE JUYA AKALAR WAKILAN MURYA DA NA HIRA



Maganar da na zo da ita yau ta shafi wani sabon ma'aikaci ne da ya shigo ofisoshin duniya ba tare da an yi masa jarrabawar ɗaukar aiki ba. Watau wakilin nan na na'ura, wanda ke amsa waya da murya irin ta ɗan Adam, ko kuwa ya yi hira da mutum a rubuce. Zan yi ƙoƙarin bayyana yadda ake kafa shi da yadda ake juya akalarsa, sa'an nan in tsaya a kan tambayar da na ga ta fi kowace nauyi: in wakilin ya yi ɓarna, wa za a kama?

Mafarin Al'amari

Na'ura mai hira ba baƙuwa ba ce. Tun a 1966 Joseph Weizenbaum na jami'ar MIT ta Amurka ya fito da manhajar ELIZA, wadda ba ta san kome ba sai juya maganar mutum ta mayar masa da ita tambaya. Duk da haka sai ga mutane suna zuba mata asirin zukatansu, abin da ya tayar wa mai ita hankali ƙwarai. Abin da ya sake a zamaninmu shi ne bayyanar manyan manhajojin harshe, waɗanda aka horar da rubuce-rubuce masu ɗimbin yawa har suka iya tsara magana da kansu. Kamfanin OpenAI ya buɗe wa masu haɗa manhaja hanyar amfani da tasa a watan Yuni 2020, kana ya saki ChatGPT ranar 30 ga Nuwamba 2022. Daga nan sai kamfanoni da hukumomi suka shiga rige-rigen kafa nasu wakilan.

Tagar Umarni

Kowane ma'aikacin gwamnati ya san cewa baƙo ba ya kutsa kai ɗakin ajiyar fayil ya ɗauki abin da yake so. Taga yakan zo, ya cika fom, ya nuna shaidarsa, akawu ya miƙo masa amsa. To, kwamfutoci ma haka suke yi da junansu. Wannan tagar ita ce injiniyoyi ke kira API a taƙaice, mu kuwa za mu kira ta tagar umarni. In an ce tagar a buɗe take ga jama'a, ma'anarsa ita ce an wallafa ƙa'idojinta kowa ya gani, amma galibi ba a amsa wa kowa sai mai mabuɗi, watau wasu haruffa na asiri da kamfani ke ba wanda ya yi rajista.

Galibin waɗannan tagogi suna bin tsarin da Roy Fielding ya bayyana a kundin digirinsa na uku a shekarar 2000. Ayyukan da ake yi ta cikinsu huɗu ne, kuma duk akawu ya san su: a buɗe sabon fayil, a duba abin da ke ciki, a yi masa gyara, ko a soke shi.

Shi wakilin kansa, a wajen mai sarrafa shi, fayil ne kurum. A ciki akan rubuta sunansa, da manhajar harshen da za ta zame masa ƙwaƙwalwa, da muryar da zai yi magana da ita, da lambar wayar da zai riƙa amsawa, da takardun da zai ɗebo bayani daga cikinsu. Uwa uba kuma akwai takardar umarni, wadda ake rubutawa da magana ta yau da kullum, ana gaya masa ko shi wane ne, da abin da aka halatta masa, da abin da aka hana shi. Mutum na iya cika wannan fayil da hannu a kan allon kwamfuta. Amma fa'idar tagar umarni ita ce manhaja ce ke cikawa a madadinsa. Alal misali, hukumar da ke da rassa ɗari uku tana iya kafa wa kowane reshe wakilinsa cikin 'yan mintoci, in kuma doka ta sake, a gyara layi ɗaya ya game su duka. Sai dai a lura, yadda gyara ke game su a lokaci guda, haka kuskure ma yake game su.

Murya da Hannu

Wakilin murya ya fi na rubutu wuyar sha'ani. A tsarin da aka fi sabawa da shi aikin hawa uku ne: a mayar da maganar mai kira rubutu, manhajar harshe ta tsara amsa, sa'an nan a mayar da amsar murya. Masana harshe sun auna cewa tazarar da ke tsakanin ƙarshen maganar mutum da farkon amsar abokin hirarsa ba ta cika wuce kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa ba. Saboda haka in na'ura ta yi jinkiri kaɗan, sai mai kira ya zaci waya ta yanke. Tilas ne kuma wakilin ya san lokacin da aka katse shi, ya yi shiru. Domin rage wannan jinkiri ne OpenAI ya fito da wata taga a watan Oktoba 2024, wadda ke karɓar murya ta mayar da murya kai tsaye.

Babban sauyi kuwa ya zo ne sa'ad da aka ba wakili hannu. Tun daga watan Yuni 2023 aka sami hanyar da manhajar harshe za ta nemi wata manhaja ta aikata mata abu, kamar duba asusu, ko sa wa mutum ranar ganin likita, ko mayar masa da kuɗinsa. A watan Nuwamba 2024 kamfanin Anthropic ya wallafa wata ƙa'ida mai suna MCP domin daidaita yadda ake haɗa wakilai da irin waɗannan kayan aiki. Bayan kowace hira kuma, na'urar kamfanin takan aiko wa mai wakilin rahoton abin da aka faɗa da abin da aka aikata, kamar yadda masinja ke komowa ya ba da bayanin aike.

Laifin Wa?

A nan ne gizo ke saƙar. A watan Nuwamba 2022 wani mutum a Kanada, wanda kakarsa ta rasu, ya tambayi wakilin hira na kamfanin jiragen sama na Air Canada game da rangwamen da ake yi wa masu zuwa jana'iza. Wakilin ya ce masa ya sayi tikiti, ya nemi rangwamen daga baya cikin kwana 90, alhali kuwa dokar kamfanin ba ta yarda da haka ba. Da magana ta kai gaban kotun ƙananan ƙararraki ta lardin British Columbia, kamfanin ya nemi ya nuna cewa wakilin shi ke da alhakin maganarsa. A watan Fabrairu 2024 kotu ta yi watsi da wannan hujja, ta umarci kamfanin ya biya mutumin dalar Kanada 812 da 'yan kai. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba, amma darasin babba ne: bakin wakili bakin mai aikensa ne.

Haka kuma a watan Disamba 2023 wani ya yaudari wakilin wani dillalin motocin Chevrolet a Kalifoniya, har ya amsa zai sayar da sabuwar mota a kan dala ɗaya. Wannan ya nuna cewa takardar umarni ba katanga ba ce, domin mai wayo na iya zagaye ta da daɗin baki. Abin da ba a so wakili ya aikata, to kada a ba shi hannun aikata shi tun farko.

Hukumomi ma sun farga. A watan Fabrairu 2024 hukumar sadarwa ta Amurka ta zartar cewa kiran waya da muryar na'ura ya shiga ƙarƙashin dokar 1991 da ta taƙaita kiran mutane ba da yardarsu ba. Dokar Tarayyar Turai kan ƙirƙirarriyar basira, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Agusta 2024, ta tanadi cewa a sanar da mutum in da na'ura yake magana. A Nijeriya kuwa, Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta ɗora wa duk hukumar da ke tattara bayanan mutane nauyin tsare su, ko da a na'urar wani kamfani aka ajiye.

Kammalawa

Saboda haka ina ba duk ma'aikacin da aka ɗora wa wannan aiki shawara huɗu. Na farko, ya tsare mabuɗin taga kamar yadda yake tsare hatimin ofis, kuma kada mabuɗi ɗaya ya buɗe kome da kome. Na biyu, kada gyara ya isa ga jama'a sai an jarraba shi, an kuma ajiye tsohon fayil domin komawa gare shi in sabon ya ɓaci. Na uku, a ajiye rahoton kowace hira, a sa mutum ya riƙa karantawa. Na huɗu, a bar wa mai kira hanyar isa ga ɗan Adam a duk lokacin da ya nema, musamman a kan sha'anin kuɗi da lafiya da haƙƙi.

Hausawa sun ce magana zarar bunu ce. Wakilin na'ura na iya zarar dubu a cikin sa'a guda, kowace kuwa da sunan ofishinku za ta fita. Ku ɗalibai da za ku gina waɗannan na'urori, da ku ma'aikata da za ku sa hannu a sayo su, ku tuna ana iya miƙa wa na'ura aiki, amma alhaki yana nan a wuyan wanda ya aike ta.