Agogon Hannu Mai Auna Karkarwa: Ina Amfaninsa Ga Mai Cutar Parkinson a Kontagora?

Daga cikin cututtukan da ke durƙusar da mai sana'a sannu a hankali, ba tare da sun kwantar da shi rana ɗaya ba, akwai wadda likitoci ke kira cutar Parkinson, wadda jama'a suka fi sani da ciwon karkarwa. Takan fara ne da hannu ɗaya, ya riƙa rawa idan mutum yana zaune bai yin komai. Daga nan sai jiki ya yi nauyi, tafiya ta koma jan ƙafa, murya ta yi ƙasa, rubutu kuma ya riƙa ƙanƙancewa. Wannan na ƙarshe ya fi shafar ɗan kasuwa kai tsaye, domin sa hannunsa a kan cek na iya sauyawa har ma'aikacin banki ya ce bai yi daidai da wanda ke cikin kundinsu ba. Dillalin hatsi da ya saba ƙirga daurin kuɗi cikin ƙiftawar ido sai ya ga yatsunsa sun ƙi ba shi haɗin kai a gaban abokan ciniki.

Wani likitan birnin Landan mai suna James Parkinson ne ya fara bayyana ciwon a rubuce cikin shekarar 1817, shi ya sa aka laƙaba masa sunansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutane fiye da miliyan 8.5 ne ke fama da shi, kuma yawansu ya ninka cikin shekaru 25. Shahararren ɗan damben nan Muhammad Ali, wanda aka gano ciwon a jikinsa a 1984, ya rayu da shi har zuwa rasuwarsa a 2016, watau shekaru 32. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa ciwo ne na doguwar tafiya, kuma ɗawainiyarsa a kan aljihun iyali ta shekaru ce.

Asalin matsalar tana cikin ƙwaƙwalwa. Akwai wasu ƙwayoyin halitta a can da ke samar da wani sinadari mai suna dofamin, wanda ke daidaita motsin jiki. Idan suka riƙa mutuwa, sinadarin sai ya yi ƙaranci. Tun ƙarshen shekarun 1960 aka sami maganin da ke cike wannan gurbi, ana kiransa lebodofa, ana kuma sayar da shi da sunaye irin su Sinemet da Madopar. Ba ya warkar da ciwon, amma yana mayar da mutum bakin aikinsa na tsawon shekaru. To, sai dai bayan an daɗe ana sha, ƙarfinsa kan riƙa ƙarewa kafin lokacin shan na gaba. Sai ka ga mutum da hantsi yana ciniki garau, da azahar kuwa ya sandare kamar an dasa shi, ko kuma maganin ya yi masa yawa jikinsa ya riƙa murɗe-murɗen da ba shi ya sa shi ba. Babban aikin likita shi ne daidaita yawan maganin da sa'o'in shansa, don lokacin walwala ya tsawaita, lokacin sandarewa ya ragu.

A nan ne maganar na'urorin da ake ɗaurawa a jiki ta taso. Likita kan ga majiyyaci na minti goma sha biyar ko ashirin, wataƙila sau biyu ko uku a shekara. Cikin wannan ɗan lokaci ake so ya fahimci yadda mutum ya wuni ya kuma kwana na watanni. Idan an tambayi majiyyaci yadda jiki yake, amsar da al'ada ta koya mana ita ce "da sauƙi, alhamdu lillahi", ko da kuwa jiya ya faɗi sau biyu a tsakar gida. Na'urar da ke ɗaure a hannu ba ta san kara ba. A cikinta akwai ma'aunin motsi irin wanda ke cikin wayar salula, yana auna rawar hannu da saurin motsi ko nawarsa dare da rana, sa'an nan kwamfuta ta tattara bayanan ta zana su a jadawali. Da likita ya duba sai ya ga, alal misali, cewa kullum ƙarfin maganin safe yana ƙarewa da ƙarfe goma sha ɗaya, alhali na gaba sai ƙarfe biyu. Gyaran da zai yi ba sai ya yi canki-canki ba.

Wani kamfanin ƙasar Ostareliya mai suna Global Kinetics ya ƙera irin wannan agogo da ake kira PKG, wanda majiyyaci ke ɗaurawa na kwana shida zuwa goma, yana kuma girgiza don tuna masa lokacin shan magani. A ƙasar Sifen an yi wata mai suna STAT-ON, ita a ƙugu ake ɗaura ta, ta fi ƙwarewa wajen gano tsayawar ƙafa da faɗuwa. A watan Janairun 2023 hukumar da ke tantance magunguna da na'urori don asibitocin gwamnatin Ingila ta amince a yi amfani da na'urori biyar, har da waɗannan biyu, amma bisa sharaɗin a ci gaba da tattara hujjar cewa amfaninsu ya kai kuɗin da ake kashewa. Ya kamata mai karatu ya lura da wannan sharaɗi. Ƙasar da ke da likitoci da kuɗi ma ba ta rungumi abin ido rufe ba.

A Amurka kuwa, hukumar kula da abinci da magunguna ta ba kamfanin Rune Labs izini a 2022 ya yi amfani da agogon Apple Watch wajen bin diddigin alamomin ciwon ta manhajarsa mai suna StrivePD. Haka kuma a 2023 masu bincike na Jami'ar Cardiff suka nazarci bayanan mutane fiye da 100,000 da suka ɗaura ma'aunin motsi na mako guda, suka gano cewa ana iya hango alamun ciwon har shekaru bakwai kafin likita ya tabbatar da shi. Wannan bincike ne tukuna, bai zama abin da ake yi a asibiti ba.

To, yaya wannan labari ya shafi Kontagora? Ta fuska biyu. Ta farko ita ce nisa. Likitocin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ƙalilan ne a Nijeriya, kuma akasarinsu suna manyan asibitocin koyarwa ne, kamar na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika kusa da Zariya, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Aminu Kano, da Asibitin Ƙasa na Abuja. Daga Kontagora zuwa Minna kaɗai, ta Tegina da Zungeru, tafiyar kusan kilomita 200 ce. Dattijon da jikinsa ke sandarewa ba zai yi ta shi kaɗai ba; dole ɗa ko ƙane ya rufe shago ya raka shi. Idan aka haɗa kuɗin mota na mutum biyu, da masauki, da cinikin kwana biyu da aka rasa, sai a ga kuɗin ganin likita shi ne mafi ƙanƙanta a lissafin. Duk dabarar da za ta rage yawan waɗannan tafiye-tafiye, ko ta sa kowace tafiya ta yi amfani sosai, riba ce ga gidan.

Fuska ta biyu ita ce noma. Ƙasar Kontagora, tun daga Mariga da Mashegu har Rijau, ƙasar masara ce da dawa da wake da shinkafa, kuma maganin feshin ciyawa ya daɗe da maye gurbin fartanya a gonaki da yawa. Daga cikin magungunan da aka yi ta amfani da su akwai farakwat. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2011 ya nuna cewa manoman da suka yi aiki da shi sun fi sauran haɗarin kamuwa da cutar Parkinson da kimanin ninki biyu da rabi. Tarayyar Turai ta hana shi tun 2007, hukumar NAFDAC ita ma a 2023 ta ba da sanarwar janye shi daga kasuwannin Nijeriya. Masu sayar da magungunan gona suna da hakki a wuyansu a nan, domin yaron da ke goya tankin feshi ba safar hannu ba takunkumi, a shagonsu ya sayo abin da ke ciki. Har ila yau, a 2023 ayarin masu bincike da ya haɗa da Farfesa Njideka Okubadejo ta Jami'ar Legas ya gano wani sauyi a ƙwayar gado mai suna GBA1 da ke ƙara haɗarin ciwon ga mutanen da asalinsu na Afirka ne, kuma 'yan Nijeriya da dama suna cikin waɗanda aka yi nazarin a kansu. Saboda haka zancen cewa ciwon Turawa ne ba shi da tushe.

Amma fa a faɗi gaskiya: agogo ba ya ba da magani. Abin da yake yi shi ne ya gaya wa likita yadda maganin ke aiki. Idan babu maganin, ko babu likitan da zai karanta jadawalin, agogon ya zama ado. Matsalar farko ga mai wannan ciwo a garuruwanmu ita ce samun lebodofa a kai a kai. Daga waje ake shigo da shi, don haka farashinsa yana bin dala. Kafin watan Yunin 2023 ana canjin dala ɗaya a hukumance a kan kimanin Naira 460, zuwa Fabrairun 2024 ta haura Naira 1,500. Mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a 2024 kuwa Naira 70,000 ne. Apple Watch mafi araha ya haura dala 200, kuma ba ya aiki sai da wayar iPhone. Mai hankali zai fara tanadin maganin wata shida kafin ya yi tunanin agogo.

Akwai kuma batun wuta da intanet. Jihar Neja ce ke da madatsun Kainji da Shiroro da Zungeru, amma kowa ya san cewa wannan bai hana fitila ɗaukewa a garuruwanta ba. Na'urar da ke bukatar caji kullum da aika bayanai ta intanet tana bukatar gidan da ke da sola ko janareta. Sa'an nan bayanan da take tattarawa sirrin lafiyar mutum ne. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ke bukatar kariya ta musamman. Babban ɗan kasuwar da ke da bashin banki ko abokan hulɗa yana da dalilin tambayar inda bayanansa ke zuwa da wanda ke iya ganinsu.

Abin farin ciki shi ne kaso mai tsoka na amfanin waɗannan na'urori ana iya samunsa da wayar da ke aljihu. Ƙararrawar waya tana tuna lokacin shan magani, kuma ga mai wannan ciwo jinkirin rabin sa'a ba ƙaramin abu ba ne. Wani daga cikin yaran gida zai iya ɗaukar hoton bidiyo na minti ɗaya, majiyyaci yana tashi daga kujera, yana tafiya, yana juyowa, sau ɗaya kafin shan magani, sau ɗaya bayan sa'a guda. Idan aka haɗa da ɗan littafi da ake rubuta sa'ar shan magani da sa'ar cin abinci da sa'ar da jiki ya yi nauyi, likita zai sami abin dubawa da ya fi "da sauƙi". Inda likita ya yarda, ana iya aika masa ta WhatsApp. Rubuta sa'ar abinci yana da muhimmanci, domin nama da wake da nono da ƙwai suna gogayya da lebodofa wajen shiga jini, shi ya sa likitoci kan ce a sha shi kamar rabin sa'a kafin abinci. Mai karyawa da ƙosai ko alale tare da ƙwayarsa zai iya zaton maganin jabu ne, alhali lokacin shan ne bai dace ba. Haka kuma mai niyyar azumin Ramadan ya tuntuɓi likita tun cikin Sha'aban, domin dakatar da wannan magani farat ɗaya yana da haɗari.

Daɗin daɗawa, an lura cewa idan ƙafar majiyyaci ta tsaya cak, sauti mai bugawa daki-daki yana taimaka masa ya ɗaga ta. Akwai manhajoji na kyauta da ke fitar da irin wannan bugu, akwai kuma sandar dogarawa mai haska jan layi a ƙasa don mutum ya tsallake. Cokali mai daidaita kansa, irin na Liftware da na kamfanin Gyenno na ƙasar Sin, yana rage zubar abinci, ko da yake ga mai cin tuwo da hannu amfaninsa bai wuce kunu da shinkafa ba.

Ga masu kyamis da masu shigo da kayan asibiti, kasuwar da ke nan ta magani ce kafin ta na'ura. Kyamis ɗin da zai riƙe sunayen majiyyatansa, ya tabbatar maganinsu bai yanke ba, ya samo shi daga amintaccen dillali mai lambar NAFDAC, ya sami abokin ciniki na shekaru. Amma a kiyayi sayar da magani kan rawar hannu kawai. Ba kowace karkarwa ce Parkinson ba: akwai ta gado da ke tashi idan mutum ya miƙa hannu zai ɗauki abu, akwai ta ciwon maƙoƙo, akwai kuma wadda wasu magungunan amai da na taɓin hankali ke haddasawa. Ƙwayar nan Exol, wadda hukumar NDLEA ke yawan kamawa a hannun matasa, asalinta maganin karkarwa ce, amma tana rikita tunanin tsofaffi, ba a ba da ita sai da takardar likita.

Na'ura mai tsada kuwa, hanyar da ta fi dacewa da wuri irin Kontagora ita ce asibiti ya mallake ta ya riƙa ba da aro. Tun da agogo irin PKG kwana shida zuwa goma kawai ake ɗaura shi, guda ɗaya zai iya zagaya majiyyata biyu ko uku a wata, kowa ya biya ɗan abin da ya dace. Kafin asibiti mai zaman kansa ya zuba jarinsa a nan, sai ya fara ƙulla yarjejeniya da likitan ƙwaƙwalwa a Zariya ko Sakkwato ko Abuja wanda zai riƙa karanta sakamakon, ya kuma tambayi kamfanin ko kuɗin na sayen na'urar ne kaɗai ko kuwa kowane jadawali da aka fitar sai an biya da dala.